ALƘALAMIN KAKA

Jawabin da ɗaya daga cikin masu bishara ya yi a taron jubili

  Mun gode wa dattawa da suka ba mu zarafi mu tsaya gabanku, ko da yake akwai waɗanda suka fi mu shekaru da sani zaune a nan. Idan mun yi kuskure, iyaye su gyara mana.

Cikin Littafin Firistoci sura 25, Allah ya umarci Isra'ilawa su ƙidaya shekara bakwai sau bakwai, su keɓe shekara ta hamsin. A wannan shekara akan busa ƙaho, bawa ya koma wurin danginsa, gonar da aka sayar ta koma hannun mai ita. Wannan ita ce jubili. To, ku lura da abu guda. Ba shi yiwuwa a mayar wa mutum gonar kakansa sai an san sunan kakan, an kuma san iyakar gonar. Mutanen da suka manta ba su iya yin jubili.

Daga 1924, sa'ad da ma'aikatan Mishan na SIM suka sauka a Damagaram, zuwa 2024, shekara 100 ke nan, watau jubili biyu cif. Tambayar da muke so mu sa a gabanku ita ce: me muka riƙe daga cikin waɗannan shekaru, me kuma ya zube mana a hanya?

Sunayen da aka rubuta

Sunayen Turawa na fari muna da su. Mun san samari uku da suka sauka Ikko a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Mun san biyu daga cikinsu sun mutu a 1894, Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Mun san an fara a Damagaram, bayan 'yan shekaru aka buɗe Tsibiri, aka buɗe asibitin Galmi a 1950, da wurin jiyyar masu kuturta a Danja a 1956. Me ya sa muka san waɗannan? Domin su mutane ne masu rubutu. Sun aika wasiƙu gida, sun ajiye littattafan aikinsu. Sun kyauta, ba mu ga laifinsu ba.

Amma wa ya ɗauki kayansu a ka? Wa ya yi musu tafinta? Wa ya fara tsayawa a kasuwa ya karanta bishara da bakin Bahaushe, 'yan'uwansa suna yi masa dariya? Wace mace ce ta fara buɗe zauren gidanta domin a yi sujada? Kaɗan ne daga cikinsu muke iya kiran sunansu yau.

Ku dubi Dorugu. Yaro ne daga ƙasar Damagaram, aka kama shi bawa, wani Bature matafiyi ya 'yanta shi, ya bi Bart, wanda aka fi sani da Abdulkarim, har Tumbuktu, ya kuma bi shi Ingila a 1855. A can ya zauna da wani ɗan Mishan mai suna Shon, yana ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, shi kuwa yana rubutawa. Aka buga wannan cikin littafin Magana Hausa a 1885. Yara da yawa aka kama bayi a zamanin nan, amma Dorugu muke tunawa, gama maganarsa ta sami alƙalami.

Saboda haka muna roƙon izininku mu ba ku labarin mutum guda wanda ya ƙi yarda sunayen 'yan'uwansa su ɓace. Kakanmu ne, mahaifin mahaifinmu. Mutane suna ce masa Malam, mu kuwa Kaka muke ce masa. Shi ne ya sa mana ƙaunar rubutu, har yau ba ta rabu da mu ba.

Daga allo zuwa Danja

An haifi Kaka a wani ƙauye na ƙasar Gobir, ba nisa da Maraɗi. Tun yana ƙarami mahaifinsa ya danƙa shi ga wani malami, suka yi gabas neman karatu. A can ya koyi feƙe alƙalami, ya koyi haɗa tawada da baƙin tukunya da ƙaro, ya koyi wanke allo da sake rubuta shi. Hannunsa ya yi kyau ƙwarai, har malaminsa yakan ba shi takarda ya kwafa wa masu so. Ya iya ajami kuma, watau rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci. Har ya bar duniya ba mu taɓa jin ya faɗi mugun abu a kan malamin nan ba. Yakan ce, "Wanda ya koya mini alif ubana ne. Ba na zagin rijiyar da na fara sha."

Ya komo gida, ya yi aure, ya kafa 'yar makarantarsa a ƙofar gida. Sai wani tabo mai haske ya fito masa a baya, wani kuma a damtse. Bai kula ba. Wata rana da dare yara suna karatu kewaye da wuta, ya miƙa hannu ya gyara itace. Wani almajiri ya yi kuka ya ce, "Malam, hannunka yana ƙuna!" Shi kuwa bai ji kome ba. A daren nan ya san abin da ya same shi.

Iyaye suka janye 'ya'yansu ɗaya ɗaya. Aka ware masa ƙwarya. Ya sayar da awakinsa, ya sayar da rigarsa ta Salla wurin neman magani, ba sauƙi. Dangin kakarmu suka zo su tafi da ita, ta ƙi. Ita ce ta ji labarin Danja a bakin wata mai sayar da daddawa, ita ce kuma ta aro jaki ta kai shi can a 1958.

Bari mu tsaya kaɗan mu faɗi gaskiyar wannan ciwo, gama har yanzu akwai masu jin tsoro a banza. Kuturta ba la'ana ba ce, ba sammu ba ne, ba a kuwa gadonta a jini. Ƙwayar cuta ce ƙanƙanuwa, wadda wani likita mai suna Hansen ya gano a ƙasar Norwe a 1873. Jijiyoyi take kamawa, sai hannu da ƙafa su daina ji. Mutum ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, gyambo ya shiga, da haka yatsu ke lalacewa. A zamanin Kaka ƙwaya guda ake sha, dafson, shekara da shekaru. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa magunguna, yanzu kuwa cikin wata 6 ko 12 mutum ya warke, magani kuma kyauta ne. Wanda ya zo da wuri ba ya rasa ko yatsa guda. Kaka bai zo da wuri ba. Ciwon ya mutu, amma yatsun da suka tafi ba su komo ba. A hannun dama babban yatsa ne kaɗai ya rage masa, da guntayen sauran.

A Danja akwai ajin karatu a gindin itace. Kaka ya gaya mana da bakinsa, ba'a ta kai shi wurin. Ya ce yana so ya ga mutanen da ke fara rubutu daga hagu kamar masu tafiya da baya. Amma wanda ya riga ya san baƙi da wasali, boko ba ya yi masa wuya. Kafin damina ta wuce yana karatu. Aka ba shi aron Littafi Mai Tsarki, fassarar 1932, wadda Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa suka yi wahalarta. Ya karanta har ya kai ƙarshen sura ta fari ta Markus, inda wani kuturu ya durƙusa gaban Yesu.

Ya ce mana, "Ba warkarwar ce ta kama ni ba, gama na sha jin labarin masu warkarwa. Hannun ne. Yana da iko ya yi magana daga nesa, amma ya miƙa hannu ya taɓa shi. Ni kuwa shekara biyar ke nan ba namijin da ya ba ni hannu." Ya yi ta tambaya, ya yi ta gardama da masu koyarwa wajen shekara biyu, gama shi ba mai saurin yarda ba ne. A 1961 aka yi masa baftisma.

Abu guda ya rage yana damunsa, alƙalami ba ya tsayawa a hannunsa. Kakarmu ta tafi wurin baduku, ta sa ya ɗinka wani maɗauri na fata mai zagaye tafin hannu, da 'yar kafa inda za a soka alƙalami. Ita ce take ɗaura masa kowace safiya. Rubutun da dā kamar an zana, yanzu ya zama manya manyan baƙaƙe masu rawa. Layi guda yakan ci masa lokacin da wani zai cika shafi. Amma ya rubuta.

Abin da ya rubuta

Da suka koma ƙauye ya sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Ya fara da sunayen waɗanda suka yi jiyya tare, da garuruwansu. Sa'an nan ya shiga rubuta duk wanda aka yi wa baftisma a yankin, da wanda aka haifa, da wanda ya yi aure, da wanda ya mutu, da waɗanda suka haƙa kabarinsa. Ya rubuta ranar da ruwan shuka ya sauka kowace shekara, da kuɗin tiyar hatsi a kasuwa. Ya koma baya ya rubuta abin da ya gani da idonsa yana saurayi, kamar ambaliyar da ta ci tsohon garin Maraɗi a 1945, har aka tashi aka koma tudu.

Akwai shafi guda da muke yawan dubawa. A watan Afrilu na 1974, cikin tsananin yunwa, soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani. Kaka ya ba wannan layi ɗaya. A ƙarƙashinsa ya cika rabin shafi da labarin wata gwauruwa a ekklesiyarmu, wadda ta raba hatsinta na ƙarshe da wasu makiyaya baƙi da dabbobinsu suka ƙare. Ya rubuta sunanta, da sunan mahaifinta, da yawan tiyar da ta auna. Muka tambaye shi dalili. Ya ce, "Labarin masu mulki yana da masu rubuta shi da yawa. Wannan baiwar Allah kuwa, in ban rubuta ba, wa zai rubuta?" Ya buɗe mana Malakai sura 3, inda aka ce akwai littafin tunawa a gaban Ubangiji domin masu tsoronsa. Ya ce shi ɗan kwafi ne kawai, ainihin littafin yana sama.

Har wa yau shi ne marubucin wasiƙu na ƙauyen. Samari sukan tafi ci-rani Kano da Ikko da Abijan, iyaye da mata kuwa ba su iya rubutu ba. Mutanen da ba za su ci tuwo ƙwarya guda da shi ba, su ne suke sallama da dare su zauna bakin tabarmarsa, su faɗa masa asirin cikinsu. Wanda yake so da ajami ya yi masa da ajami, wanda yake so da boko ya yi masa da boko. Bai karɓi ko dala ba. Bai taɓa fitar da maganar wani ba. Bai kuwa taɓa cusa wa'azi cikin wasiƙar wani ba, ko da yake wasu masu bi sun ba shi wannan shawara. Ya ce, "Wasiƙar mutum bakinsa ce. In na sa maganata a bakinsa na yi sata. In yana son jin abin da na gaskata, ga ni zaune, ya tambaye ni." Da yawa kuwa sun tambaya.

Yadda muka zama hannunsa

A 1989 muna da shekara tara, muna makarantar Mishan. Idanun Kaka suka fara dushewa, gama ciwon nan yakan taɓa ido kuma. Da muka zo hutu ya kira mu da sunan wasan da yakan kira mu, ya ce, "Kai abokina, an ce ka iya rubutu. Zo in gani ko kuɗin ubanka ya faɗa rijiya." Muka ce, "Kaka, ai na fi ka, ni da Faransanci nake yi." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "To, sauko ƙasa ka rubuta mini Hausa."

Daga ran nan kowane hutu mu ne hannunsa. Yakan zauna a inuwar bedi, yana faɗi muna rubutawa. Ya gaya mana ko Manzo Bulus ma yana da mai rubuta masa, har mutumin ya sa gaisuwarsa a ƙarshen wasiƙar Romawa, sunansa Tartiyas. Muka ji girma ya kama mu.

Dokokinsa huɗu ne. Ka fara da kwanan wata. Ka rubuta sunan mutum da na mahaifinsa da garinsu, gama masu suna iri ɗaya suna da yawa. Ka raba abin da ka gani da abin da aka gaya maka. In ka gama, ka karanta da ƙarfi mai maganar ya ji.

Doka ta huɗun nan ita ce ta kama mu wata rana. Kaka yana ba da labarin wata rigima da aka yi a ekklesiya a yunwar 1984, a kan rabon hatsin taimako. Ya faɗi yadda ya zargi wani dattijo a gaban jama'a da cewa ya fifita danginsa. Ya faɗi yadda aka sake auna buhunan, aka tarar mutumin nan ba shi da laifi. Ya faɗi yadda girman kai ya hana shi neman gafara har wata uku. Mu kuwa kunya ta kama mu domin kakanmu, sai muka tsallake wannan wuri, muka rubuta cewa an yi 'yar rashin jituwa aka shirya.

Da muka karanta masa, ya yi shiru. Can ya ce, "Abokina, ina sauran?" Muka ce, "Kaka, mutane za su karanta fa." Ya ce, "Domin su karanta nake faɗi. Markus ya ɓoye musun da Bitrus ya yi? In littafin nan ya nuna ni mutumin kirki ne kullum, wanda ya faɗi zai karanta ya ce shi kaɗai ne ya taɓa faɗuwa. Ga shi kuma ka bar zargi a kan bawan Allah wanda ba shi da laifi. Soke, ka sake."

Muka soke muka sake, muna hawaye. Shafin yana nan har yau da layin sokewar. A wurin ne muka gane rubutu ba ado ba ne, amana ce. A wurin ne kuma muka ƙaunace shi.

Laifinmu

Yanzu dole mu bi dokar Kaka, mu faɗi namu laifin a gabanku.

Da muka yi nisa a karatu, kanmu ya kumbura. Muka fara ganin littattafan Kaka kamar abin ƙauye, Hausa ce kawai, ba Faransanci ba. Hutu ya zo mu ce muna da aiki a birni. Ya aiko mana da saƙo sau biyu cewa akwai sauran magana. Muka ce sai hutu mai zuwa. A 1998 ya huta, ba mu je ba. Sauran maganar nan ta tafi tare da shi.

Ya bar littattafai 14 cikin akwatin katako, ya ce a ba abokinsa. Muka karɓa, muka ajiye a ƙasa cikin ɗakin da ba a kwana, muka kulle, muka tafi makarantar Littafi Mai Tsarki, daga nan muka shiga aikin bishara. Muna yawo gari gari muna wa'azi a kan aminci, amanar da aka ba mu kuwa tana ƙasa. Sai a 2006 muka buɗe akwatin. Gara ta shiga ta ƙarƙashi. Littattafai 9 sun zama ƙasa. Biyar na sama ne suka tsira, tare da maɗaurin fatar nan.

Da abin ya tsaya nan, da mun haɗiye baƙin cikinmu mu kaɗai. Amma bayan shekara guda wata mace ta zo daga wani gari mai nisa tana neman jikan Malam. Mahaifinta ya yi jiyya tare da Kaka, ya mutu tana goye. Dangi suka gaya mata ya mutu a wulakance, ba wanda ya kula da gawarsa. Ita kuwa daga baya ta ba da gaskiya, ta ji an ce akwai wani tsoho da ya rubuta kome. Abu biyu take so ta sani: ko an yi wa mahaifinta baftisma, da kuma ko an binne shi kamar mutum. Mun tuna sarai mun taɓa ganin sunansa a littafi na biyu. Littafi na biyu kuwa yana cikin waɗanda gara ta ci.

'Yan'uwa, mun sha tsayawa gaban masu gardama ba mu ji tsoro ba, amma ran nan mun kasa duban fuskar matar nan. Da na sani ƙeya ce.

Cikin kwanakin nan Ubangiji ya kai mu ga Irmiya sura 36. Annabi Irmiya ya faɗi magana, Baruk ya rubuta a takarda. Sarki Yehoyakim ya yi ta yanka takardar da wuƙa yana jefawa a wuta har ta ƙare. Me Allah ya ce? Bai ce su zauna su yi makoki ba. Ya ce a ɗauko wata takarda a sake rubutawa. Suka sake, har aka ƙara a kan na dā.

Muka sayi littafi sabo, muka hau babur, muka shiga neman tsofaffin da suka san zamanin nan. Sau da yawa mukan isa gari a ce mana, "Ai da bara ka zo." Amma a wani ƙauye muka sami wata tsohuwa makauniya wadda ta zauna a Danja. Da muka faɗi sunan mutumin, ta ce, "Mai ba da waƙa!" Ta gaya mana shi ne yakan ta da waƙa a sujadar safe, tana nan aka yi masa baftisma, ta kuma kira sunan mutum huɗu da suka ɗauki gawarsa, Kaka yana bin su a baya. Muka rubuta kwanan wata, muka rubuta cewa wannan ji muka yi ba gani ba, muka karanta mata ta ce haka ne. Muka aika wa 'yarsa. Bayan wata biyar tsohuwar nan ta rasu. Da mun ƙara jinkiri kaɗan, da wannan ma ya tafi.

Ba mu mayar da littattafai 9 ba. Abin da muka tattara bai cika uku ba. Saura sai a littafin da ke sama.

Abin da muke roƙonku

Ku dubi tsofaffin da ke zaune a layin gaba. Waɗanda aka yi wa baftisma kafin ƙasarmu ta sami 'yancin kai a 1960, ku ƙidaya su, ba za ku gaji ba. A jubili mai zuwa ba ko ɗaya daga cikinsu da zai zauna a nan, yawancinmu ma ba za mu zauna ba. Saboda haka ga roƙonmu.

Na fari, kowace ekklesiya, kome ƙanƙantarta, ta sayi littafi mai bango mai ƙarfi da akwatin ƙarfe. A ɗora akwatin a kan duwatsu ko benci, kada ya taɓa ƙasa ko bango. A buɗe shi a duba kowane wata.

Na biyu, dattawa su zaɓi saurayi ko budurwa ga kowane tsoho da kowace tsohuwa. Su je su zauna, su gaishe su, su tambaya: Yaya kika fara ji? Wa ya gaya maka? Me ya same ku bayan haka? Kada a manta da mata. Da ba domin kakarmu da jakin aro da maɗaurin fata ba, da ba Kaka, da ba littafi ko ɗaya.

Na uku, a rubuta da Hausa, da irin maganar da tsohon ya yi. Wanda yake so ya juya da Faransanci daga baya, ya juya. Amma kalmar da mutum ya yi kuka da ita gaban Allah, ita ce ya kamata jikokinsa su ji. Wannan yana nufin mu koya wa 'ya'yanmu karanta Hausa a gida da makarantar Lahadi, kada su zama baƙi ga maganar kakanninsu.

Na huɗu, a yi kwafi biyu, a ajiye ɗaya a wani gari dabam. Masu waya su ɗauki hoton kowane shafi, su ɗauki muryar tsofaffi kuma, wannan yana da kyau. Amma waya takan faɗa ruwa, akan sace ta, takan mutu. Kada ta hana ku takarda.

Na biyar, a nemi izini. Akwai 'yan'uwa waɗanda labarinsu zai iya jawo musu wahala wurin dangi. A rubuta, a rufe, kada a karanta a fili sai sun yarda. Abin da ya shafi danginmu da maƙwabtanmu Musulmi kuwa, a rubuta shi da ladabi da gaskiya, har da alherin da suka yi mana, gama sun yi da yawa.

Na ƙarshe, a rubuta gaskiya. Inda muka yi rigima, a ce mun yi rigima. Inda muka rabu, a ce mun rabu. Inda aka nemi gafara, a rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Littafin da ya yabe mu kaɗai ba zai taimaki kowa ba. Wanda ya nuna kasawarmu da amincin Ubangiji, shi ne zai ƙarfafa na baya.

Ku kuma iyayenmu, kada ku ce, "Ni wane ne da za a rubuta labarina?" Bulus ya tuna wa Timoti da bangaskiyar kakarsa Loyis. Ba mu da labarin wani babban aiki da ta yi, amma sunanta yana cikin Littafi, ana karanta shi da Hausa har yau. In yaro ya zo muku da alƙalami, ku shimfiɗa masa tabarma.

Ga maɗaurin fatar nan a hannunmu, wanda yake so ya gani ya zo bayan an tashi. Mutumin da ya ɗaura shi yatsa guda gare shi, ya cika littattafai. Mu muna da goma. Ranar da za mu tsaya gaban Ubangiji, wace hujja za mu kawo?

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin waɗanda suka kawo mana bishara daga nesa, da waɗanda suka karɓe ta a nan suka sha wuya dominta, waɗanda muka san sunansu da waɗanda kai kaɗai ka sani. Ka gafarta mana sakacinmu. Ka tsawanta ran tsofaffinmu har mu ji daga bakinsu. Ka ba 'ya'yanmu hannu mai rubuta gaskiya. Muna roƙo cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.